Kaguwar da Na Ajiye a Kasko

A shekara ta biyu da ake fama da fari aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Bagwai. Matata ta koma gidansu a birni da jaririnmu, don ba ta samun abin da za ta ci ta shayar. Magidanta sun tafi ci-rani, ɗalibai kullum raguwa suke, wata rana ma benci kawai nake tararwa a aji.

Rafin garin ya ƙafe, sai an tona yashi da nisa kafin ruwa ya tsatso. Wata safiya ina tono na ci karo da 'yar kaguwa a cikin danshi, ƙafarta ɗaya ta guntule. Na sako ta a hula, na zuba mata yashi da ruwa a kasko.

Tsohuwar da ta ba ni ɗaki a gidanta ta leƙo ta gani.

"Malam, ruwan da mutum bai samu ba za ka ba ƙwaro?"

"Ludayi ɗaya ne, Inna."

"To, a rabonka dai."

Ina da wani tsohon littafin kimiyya mai hotunan kaguwar teku, masu ƙafafu zara-zara kamar na gizo-gizo. Iri-iri ne. Wata in ta miƙe ƙafafu ta fi mutum tsawo, wata tana liƙa ciyawar ruwa a bayanta don kada a gan ta. Wasu in lokacin saɓa ya yi sai su taru tuli guda, suna hawa kan juna, saboda sabon jikin laushi gare shi. Bayan la'asar nakan karanta wa kaguwata wannan da ƙarfi, don dai in ji magana a ɗakin.

Mun yi wata biyu haka. Ran nan na duba na ga kaguwa biyu a kaskon. Na ƙwala wa Inna kira. Da na taɓa ɗayar, ashe ɓawo ne fanko. Tawa tana gefe, jikinta luɓus, ga wata 'yar ƙafa ta tsiro a gurbin guntulalliyar.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ashe sakewa suke yi."

Jikin bai yi ƙwari ba. Kwana uku bayan nan na dawo daga makaranta na same ta ta mutu. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na zauna a ƙofar ɗaki da littafin a hannu.

Inna ce ta ɗauke kaskon. Da ta kawo mini tuwon dusa, maimakon ta ajiye ta tafi yadda ta saba, sai ta jawo tabarma ta zauna har na gama ci.