Ranar da Na Ara wa Mahaifiyata Ido

Shekarun baya, tun Turawa na ƙasar nan, ina sabon malamin elementare a Birnin Gwari, ciwon yanar ido ya rufe wa mahaifiyata gani. Aka ce sai asibitin Kaduna. Ni ne ɗan farinta, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana son abu sai ta gaya wa ƙanwata, ko bango, ni kuma in tsinta. To, ƙanwar tana jego, ba mai rakiya sai ni.

Muka samu gaban wata babbar motar gyaɗa, ni a tsakiya, ita a bakin ƙofa. Hanyar jar ƙasa ce, ta hau ta bi doron tuddai, kwari dama, kwari hagu. Ƙarshen damina ne, daji ya yi kore shar, gajimare na jan inuwarsa a kan itatuwa. Ina ta kallona ni kaɗai.

A can ƙololuwa inji ya tafasa, direba ya tsaya don injin ya huce. Ya ce, "Iya, sauko ki sha iska."

Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta ce masa, "Ɗan nan, ba tudun da ake hango ƙauyenmu ba ke nan? Ta nan aka bi da ni ina amarya." Tun rasuwar iyayenta ba ta koma ba. Ta tsaya tana ƙifta ido, ta ba ƙauyen baya ba ta sani ba. Can ta ce wa iska, "Wasu dai Allah ya ba su ido, har da tabarau a kai, amma baki a ɗinke."

Na gyara murya irin ta gaban aji. Na ce daji ya shimfiɗu tamkar teku, tuddai kuwa igiyoyinsa.

Ta ce, "Direba, tambaye shi, ya taɓa ganin tekun?"

Direba ya ƙyalƙyale. "Malam, an ce ka taɓa gani?"

A taswira kawai na san shi. Na sauke turancin zuciyata, na faɗi abin da ke nan: kogi na ƙyalli a ƙasa, fararen shanun Fulani sun gangara shan ruwa, ga hayaƙi na tashi kusa da wani rimi.

"Direba, rimi ɗaya ko biyu?"

Na ce ɗaya.

"Ɗayan ya faɗi ke nan," ta ce a hankali.

Ban san lokacin da na dafa kafaɗunta na juyo da ita wajen ba. Na jira ta ture hannuna. Ba ta ture ba. Ta daɗe tana fuskantar abin da ba ta gani, sannan ta ce, "Kai, sake gaya mini."

Ni ta ce wa kai. Na sake, tun daga kogi, har direba ya gaji da latsa ham.

Idon bai buɗe ba, likita ya ce an makara. Muna komawa gida ta koma aikena ta bakin bango, har ta bar duniya. Ban taɓa jin haushi ba. Daga baya na je Ikko na ga tekun da idona, yana da girma, ba laifi. Amma har yau in mota ta hau tudu, sai in tarar bakina na motsi, ina gaya wa wadda ba ta nan abin da ake gani.