Eriyar Malam Haladu Saura-Ƙiris

Ku da kuka san Malam Haladu, Allah ya jiƙansa, ku gaya mini tsakani da Allah: akwai wanda ya taɓa kiransa bai ce "saura ƙiris" ba? A ce tuwo ya sauka, saura ƙiris. A ce rana za ta faɗi, saura ƙiris. Yana zaune cikin mota, ya karkatar da kai kamar mai ciwon wuya, ido a lumshe, yatsa a kan makunni, wai yana daidaita eriya. Ni taubashinsa ne, babana da mahaifiyarsa Gwaggo Dije ciki ɗaya suka fito. Don haka ina da ikon tsokanarsa yana raye, kuma mutuwa ba ta ƙwace mini wannan ikon ba. Yaran da ba su riski zamanin ba su matso su ji.

Haladu tsohon soja ne, a yaƙin Bama ya koyi aikin wayar iska. Da ya dawo ya zama bakanike a wurin gurzar auduga nan Funtua. Bayan an sami 'yancin kai sai ya nemo lasin riƙe rediyo, ba irin wadda ake kunnawa a ji labarai ba, irin wadda kai ma za ka yi magana wani ya amsa maka daga wata ƙasa. A cikin gari ƙarar injuna ba ta barinsa ya ji komai, sai ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, ya sa mata suna Amarya, ya cusa rediyon a ciki don ya riƙa fita daji.

Eriyar kuwa da hannunsa ya ƙera ta. Ya naɗa wayar jan ƙarfe a jikin gora, ya kafa a bayan mota, ya ɗora doguwar bulalar ƙarfe a sama. Ya samo ƙarfen jak mai zare, ya haɗa shi da ɗan inji, yadda in ya tura makunni gaba sai ka ji "wiiii", eriya ta ƙara tsawo, in ya jawo baya ta rage. Ya ce kowane zangon rediyo da tsawon eriyar da yake so. Da kunne yake farawa, ya bi har inda shuuu ɗin rediyon ya fi ƙarfi. Sannan ya danna abin magana ya dubi wani ƙwan tocila da ya liƙa kusa da sitiyari. In ƙwan ya yi haske tarwai, to an dace. In ya wuce da ɗan kaɗan, shi ke nan, sai a sake sabon lale.

Duk garin nan an san abin da yake nema. Wansa, Yaya Sada, ɗan farin Gwaggo Dije, ya tafi Makka da ƙafa tun Haladu yana soja. Labari na ƙarshe da aka samu shi ne an gan shi a ƙasar Sudan yana ƙwadagon auduga don ya sami guzuri. Daga nan shiru, wajen shekara ashirin. Gwaggo ta tsufa, ido ya fara tafiya. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba, sai dai ta ce "mutumin nan". Amma duk fataken da suka sauka unguwarmu daga gabas, sai ta aika musu da fura, ta zauna bayan zana tana kasa kunne. Haladu ya rantse sai ta ji muryar ɗanta kafin ta bar duniya.

To, ɗan injin nan da ke ɗaga eriya, kun san daga ina ya ciro shi? Daga waifar motar! Ranar da ruwa ya tare mu a hanyar Bakori, gilashi ya rufe ruf, sai na ga ya miƙo mini igiya guda biyu da suka zagayo ta tagogi.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Waifa ce. Ja ta dama, saki ta hagu."

"Haba Haladu! Da gemuna?"

"Gemun ba ya ja, hannu ke ja. Ja, Ilu, za mu faɗa rami!"

Haka na yi ta ja kamar mai ɗiban ruwa a rijiya har muka shiga gari, mutane a rumfunan kasuwa suna nuna ni. Na ce don Allah ya sayi wani injin. Ya dube ni da mamaki ya ce, "In sayi inji, alhali ga taubashi Allah ya ba ni kyauta?"

Fetur ma haka. In zai yi magana ba ya barin mota a kunne, wai ƙarar inji tana shiga rediyo, amma ni na san tsumulmula ce. Sai ya yi ta kira har batir ya mutu murus, sannan ya leƙo ta taga ya ce, "Ilu, bismilla." Wallahi rabin ƙarfin ƙuruciyata a bayan Amarya ya ƙare.

Sai ranar kai amarya ta gaskiya. 'Yar maƙwabcinsa aka aurar Malumfashi, aka roƙe shi ya kai ta. Mata suka cika mota maƙil, aka ɗaure gadon ƙarfe da kwanuka a sama, ana ta guɗa. Rediyon tana kunne ƙasa-ƙasa kamar kullum. Mun yi nisa ke nan sai ya taka birki, har goshin uwar ɗakin amarya ya bugi ƙeyata.

"Ku yi shiru! Sudan ce!"

Ya tura makunni, ya jawo, ya tura, ƙwan tocila ko ƙyaftawa. Ya fita ya zagaya motar, ya ɗaga kai, sai ya dafe ƙirji.

"Gadon nan ne! Ƙarfe kusa da eriya? A sauke shi!"

A tsakiyar hanya fa! Muka sauke gado da kwanuka. Ya ce mata ma su fita su ja da baya, jikin mutum yana ɓata awo. Ya rufe ƙofofi, don wai ko ƙofa a buɗe tana canza abin. Amarya ta gaji da tsayuwa ta haye gadonta a bakin hanya, lulluɓe, masu jakuna suna wucewa suna yi mata Allah sa albarka.

Uwar ɗakin ta ce, "Malam Haladu, ka ji tsoron Allah, ango yana can yana jira."

Ya ce, "Hajiya, tuzurun da ya kai yau bai mutu ba, ba zai mutu kafin la'asar ba. Saura ƙiris."

Kuma ku ji ikon Allah, ranar ce ya samu wanda zai taimake shi. Wani likitan dabbobi ne Balarabe mai irin wannan rediyon, a yankin da Hausawa ke aikin auduga. Da Turancinsa na bariki Haladu ya kwatanta masa Yaya Sada: dogo, mai zanen Katsinawa, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. Mutumin ya ce zai cigita in ya shiga ƙauyuka duba shanu. Amarya dai da magariba ta shiga ɗakinta, kuma har ta yi jikoki ba ta daina ce masa "direban gado" ba.

Daga nan ya shiga neman wurin da murya ta fi fita. Ya gwada tudu, ya gwada fako, a ƙarshe ya gano ƙasa mai damshi ta fi. Wurin da ya fi ko'ina shi ne fadamar wani Bamaguje a bayan Maska, dattijo mai suna Nomau, manomin rake. Ranar farko Nomau ya jingina da fartanyarsa yana jin muryoyi suna fita daga mota ba kowa a ciki sai Haladu. Bai tsorata ba ko kaɗan. Ya ce, "Malam, namu iskokin na gindin tsamiya jan zakara suke so. Naka me suke ci?"

Haladu ya ce, "Batir."

Nomau ya girgiza kai ya ce, "Kai, naka sun fi tsada."

Da aka gaya masa dalilin, sai ya sare rake layi guda don mota ta sami wurin tsayawa. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ya ce shi ma yana da uwa a da.

Bayan an yi kaka likitan nan ya ce ya samu Sada. Yana raye, da mata da 'ya'ya, kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe shi. Suka yanke zai kawo shi gaban rediyo ranar Juma'a bayan la'asar. Haladu ya zo gidana a guje ya faɗa mini.

Fitar da Gwaggo shi ne aiki. Da ya faɗa mata sai ta ce, "Ni me ya kai ni? Ba ni da magana da kowa." Ya rasa yadda zai yi. Can sai ta ce, "Amma an ce raken fadamar Maska yana da zaƙi. In za ku, ku rage mini hanya in gani." Ta fito da zanenta na salla, jama'a, wai za ta ganin rake!

Muka isa, aka zaunar da ita a gaba, aka rufe ƙofofi, ni da Nomau muka ja da baya. Haladu ya tura makunni. Shiru. Ya jawo. Inji ya yi "gurrr" ya tsaya. Muka leƙa, ashe zanzaro ne ya yi gini a kan zaren jak ɗin, laka ta shiga ta cije, injin ya ƙone. Ban taɓa ganin fuskar Haladu haka ba. Ya miƙo mini sifana.

"Ilu, yau kai ne injin. Ka juya ƙiris, ka ruga ka ba da wuri, in duba ƙwan."

Haka aka yi. In juya, in ruga cikin rake, ya yi ihu "Ƙara!", in dawo. "Ka wuce! Rage!" Nomau yana zaune a kan kunyar rake yana dariya har da hawaye, yana cewa bai taɓa ganin bori irin wannan ba. Numfashina ya kusa ɗaukewa sai na ji Haladu ya ce, "Tsaya nan! Kada ka motsa!" Ƙwan ya kama tarwai. Daga cikin shuuu sai ga muryar likitan, bayanta kuma wata murya, ta dattijo, da Hausar gidanmu.

"Salamu alaikum. Haladu? Ina Inna? Tana da rai?"

Haladu ya kai abin magana bakin Gwaggo ya ce, "Inna, ga shi. Yi magana."

Ta kawar da kai ta dubi taga. "Ni? A gaban mutane? Ba ka da kunya, Haladu."

"Inna, batir yana mutuwa!"

Ko motsi. Ƙwan kuwa ya fara ja. Daga can Yaya Sada yana ta cewa, "Inna? Inna?" Na ce a raina shi ke nan, wahalar shekaru ta tafi a banza. Sai na ga Haladu ya sauke abin maganar ya ɗora a cinyarsa kamar ya haƙura. Ya ce, "To Inna, ba sai kin yi da shi ba. Gaya mini ni, in na sami lokaci na isar masa." Amma daga inda nake tsaye ina ganin babban yatsansa, ya danne maɓallin ƙam.

Gwaggo ta gyara lulluɓi, tana kallon rake. Ta ce, "Ka ce wa mutumin nan ina nan lafiya. Ka ce masa ban taɓa yin fushi ba, ko da rana ɗaya. Ba dukiya na aike shi nema ba. Ka tambaye shi ko matar tasa ta san ba ya cin miyar kuka." Ta ce, "Ka ce masa na yafe masa duniya da lahira. Allah ya yi masa albarka."

Haladu ya ɗaga yatsa. Abin da ya fito daga rediyon kuka ne, kukan babban mutum, yana cewa, "Na ji, Inna. Na ji da kunnena." Sai ƙwan ya mutu.

Gwaggo ta goge fuska da bakin zane ta ce, "Motar nan taka warin fetur gare ta, duk ya cika mini ido." Sannan ta juyo ta dube shi ta ce, "Kuma na ga yatsanka, ɗan nema." Ranar ni da Nomau muka tura Amarya, kuma ranar kaɗai ce ban yi ƙorafi ba.

Gwaggo ba ta ga damina ta gaba ba. Da yaƙin basasa ya zo hukuma ta ce masu irin rediyon nan su dakata, Haladu ya kwance eriyarsa ba gardama, ya ce ta gama aikinta. Waifar dai bai taɓa gyarawa ba, har aka sayar da motar da igiyoyinta.

Na yi masa dariya fiye da kowa a garin nan, kuma ban san ɗan da ya kai shi ba. Ina kewarsa, jama'a, wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Haladu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya sada uwa da ɗanta, Allah ya sada shi da su a gidan Aljanna, inda Gwaggo za ta dube su duka biyun ba sai ta kawar da kai ba. Amin.