Allurar Masu Hali

Yayana bai taɓa cewa allurar rigakafi makirci ce ba. Shi ya fi ƙarfin wannan. Damuwarsa ɗaya: kyauta ake yin ta. Mutumin da motocinsa ke ɗauko atamfa daga ƙetaren iyaka, a ce 'ya'yansa sun bi layi da 'ya'yan masu tallar awara? Allah ya sawwaƙe!

Shekarar da baƙon dauro ya yi ta kwantar da yara a Maraɗi, ɗiyata mai shekara goma sha uku tana zaune gidansa a Sabon Gari, don lakkol ɗinsu, wato makarantar boko, ta fi tamu ta Tsibiri. Ni kuwa kullum cikin lallaɓa shi nake, saboda na san in ransa ya ɓaci, karatun yarinyar nan ya ƙare.

Ma'aikatan rigakafi suka zo ƙofar gida da akwatinsu na ƙanƙara, maigadi ya sallame su kamar masu roƙo. Yaya ya kira direbansa ya ce ya sayo masa allura ta gaske, ta kuɗi, daga can waje. Direba ya sayo, ya jefa kwalaben a aljihun mota, motar ta kwana uku a duwan, wurin 'yan kwastan, cikin zafin bazara. Da suka iso, aka jera su a falo kusa da talabijin, don baƙi su gani su yaba. Sannan aka kira wani mai shagon magani ya tsira wa yaran gidan. Tawa tana lakkol ranar, aka ce a bar mata tata sai Juma'a.

Maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya ce, da na ba ta labari sai ta dafe ƙirji.

"Kwana uku a rana? Baiwar Allah, ai ruwa aka zuba musu! Wannan allura in ta rabu da sanyi ta mutu."

Na je na faɗa wa Yaya, cikin ladabi, har ina durƙusawa.

"Ke da ba ki taɓa ƙetare iyakar Ɗan Isa ba, ke za ki gaya mini kaya mai kyau?" in ji shi. "Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi na ba shi wuri, raina kamar ya fita don haushi. Alhamis na koma na ce ni da ɗiyata za mu gaida gwaggo a Jiratawa. Can ma'aikatan suke yin ranarsu ta ƙarshe, gindin wata bishiyar bedi. Muka hau babur na kabu-kabu, muka bi layin talakawa, aka tsira mata, aka shafa mata tawada a farce.

Tawadar nan ta tona mu. Yarinya ta miƙa wa kawunta ruwan wanke hannu, ya kama yatsan yana kallo. Kafin la'asar direba ya sauke mini ita a Tsibiri da jakarta da littattafanta. Saƙon Yaya shi ne, tunda gidan gwamnati ya fi nasa, gwamnati ta riƙe ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ita ma ta yi har ta ƙi abinci.

Ba a yi wata biyu ba ciwon ya shiga gidan Yaya. Bai tambayi maigadi ba. Yara huɗu suka kwanta, uku suka tashi lafiya. Autarsa mai shekara biyar ta tashi ita ma, amma zazzaɓin ya tafi da jinta. Yaya ya ce ƙaddara ce, 'yan majalisarsa suka ce ƙwarai kuwa, Elhaji. Direba ne ya sha kora.

Na daɗe ina ba da labarin nan ina dariyar Yaya, kuma har gobe ya cancanta. Abin da ba na faɗa shi ne, ranar Alhamis ɗin nan autar ta biyo mu har bakin titi da takalmi ɗaya, tana kuka sai an tafi da ita. Akwai wuri a kan babur ɗin. Na san ruwa aka tsira mata. Na ɓamɓare hannunta daga zanena na tura ta gida, don kar ubanta ya ji haushina.