Tasalla Mai Tsumi da Matar Jarumi

A ƙauyukan bayan Bakori babu matar auren da ba ta san Tasalla mai tsumi ba, amma in aka haɗu a gidan suna sai kowa ta kau da kai, wai sana'arta ta rashin kunya ce. Munafukai! A wajen kakarta ta gaji aikin, dafa kazar amarya, haɗa tsumi da gumba, dilka da turaren tsuguno. Mazan da ke zaginta a majalisa su ne ke turo matansu ta ƙofar baya. Ita ko a jikinta. Takan ce da hannunta ake zaman aure a garin, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Abin da ya ƙona mata rai shi ne maganar maƙwabciyarta Barakatu, matar Abdulmutallib ɗan sa-kai. Ranar da 'yan bindiga suka faɗo garin da la'asar, ana tsakar girbin dawa, ya shigo gida da harbi a cinya. Barakatu ta ciccibe shi ta cusa a rumbu, ta danne shi da dammunan dawa, sannan ta fito tsakar gida tana surfa musu zagi don su ji da ita su manta da bincike. Suka kuwa ja ta suka yi daji. Tasalla na laɓe a bayan danga, a kan idonta aka yi.

Sai da damina ta faɗi aka kuɓutar da Barakatu, ta dawo duk ta rame. Kafin nan gogan mijin nata ya zama jarumi, kullum yana teburin mai shayi yana ɗage wando ana kallon tabo. Bai sake ta ba, kuma bai sake taka ɗakinta ba. Ta yi istibra'in da malamai suka ce, shiru. Ko tuwonta ya daina ci. Auren ne kaɗai ya rage mata, shi ma tana gani yana mutuwa.

Tasalla ta ɗauke ta zuwa gidanta, ta yi mata gyara irin na amaryar fari. Ta ciyar da ita har ta murmure, ta murje ta da dilka, ta zana mata lalle, ta turara ta har ƙamshi na tsallaka danga. Da rana tsaka ta riƙo hannunta har ƙofar gida, inda mijin ke zaune da abokansa.

Ya toshe hanci, ya ce babu turaren da zai fitar da warin daji.

Nan Tasalla ta tuɓe kunya. "Kai Abdulmutallib, warin dajin nan shi ya bar ka da rai. Faɗa musu inda kake lokacin da ake jan ta a ƙasa. In ka manta, ni na ɗaga dammunan na zaro ka."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, can ya ce to, ta shiga.

Barakatu ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sai ta juya ta kama hannun Tasalla.

"Inna, mu koma," in ji ta. "Mijina yana cikin rumbu, har yau bai fito ba."