Jawabin Maraba a Motar Kabo

A tashar Gwarzo, cikin motar Kabo da ta ƙi cika, wani mutum na zaune kusa da ni. Zai yi shekara arba'in. Shaddarsa ta sha guga, katin wurin aiki na rataye a wuyansa, ga takarda mai shafi biyu a kan gwiwarsa. Ya kara waya a kunne, amma ina jin komai: muryar mace ce ke karanta jawabin maraba da baƙi, a hankali, kamar mai biya wa yaro karatu.

Yatsansa na bin layi, leɓɓansa na motsi. Muryar takan wuce ta bar yatsan a baya, sai ya yi tsaki ya mayar da ita farko.

Ya kama ni ina kallo. "Na yi makaranta fa, Malam," in ji shi. "Har difloma. Baƙaƙen ne ba sa tsaya mini wuri ɗaya. Yau kuma ni oga ya ce in karanta a gaban hakimi."

Da gani ya daɗe a haka: a ofis a ce masa mai nawa, a gida a zauna a karanta masa. Yau hadda zai kawo, takardar ta riƙewa ce kawai.

Ya sake dannawa, ya bar saƙon ya kai ƙarshe. Matar ta gama jawabin, sannan ta ce, "Baban Sa'ada, in ka zo kan godiya ka juya shafin. Suna kallo."