Cibiyar da Aka Gasa

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da muka fara ɗora hijabi a kan fararen kayanmu na aikin jinya, aka tura ni wani asibiti a Nassarawa GRA in koyi sa wa jarirai 'yar siririyar roba ta jijiyar cibiya, wadda ake ba su ruwa da magani ta cikinta. Mai koya mana wata Sista ce, hannu kamar auduga, baki kamar reza. Wallahi har gobe ban yafe wa matar nan ba.

Ran nan da hantsi aka kawo ɗan wani maigadi, kwanansa biyu a duniya, jiki zafi rau, ko kuka ba ya iyawa. Jijiyoyin hannunsa duk sun ɓace, cibiya kaɗai ta rage, kuma a cikinmu ɗalibai layi ya zo kaina. Ina buɗe zanen na gan ta baƙi ƙirin, ta ƙeƙashe. Kakarsa ce ta gasa ta da tsingaro mai zafi, yadda ake yi a ƙauyensu, yadda ni ma aka yi mini.

Na lalubi bakin jijiyar, ina! Ta toshe. Sista ta ture ni ta gwada, ita ma ta kasa. Sai cewa ta yi a shigo da tsohuwar.

"Iya, matso ki ga aikinki. Riƙe mana fitilar nan."

Tsohuwa ta riƙe, Sista kuwa tana nuna mana ƙunar da bakin almakashi tana ta darasi. Kafin likita ya iso, yaro ya cika.

Baiwar Allah ko hawaye ba ta yi ba. Gefen hijabina ta kamo, ta yi ƙasa da murya. "'Yar nan, don Allah, ni na kashe shi?"

Na buɗe baki zan ce kwanansa ne ya ƙare, abin da kowane Musulmi zai faɗa. Sai Sista ta juyo kaina.

"Gaya mata gaskiya mana! In kika yi mata ƙarya, gobe za ta gasa wani. Ke kuma in kika yi, ki nemi wani ɗakin, ba nawa ba."

Ɗalibai duka suka zuba mini ido. Na ce, "Da ba a gasa ba, Iya, da robar ta shiga."

Ta daɗe tana gyaɗa kai. Can ta ce, "To. Ubansa na waje. Ku bari in gaya wa ɗana da bakina."