Gwiwar Bawa Kututture

Idan sanyin Madina ya shigo, baƙaƙen duwatsun bangon gidanmu na unguwar Harra ta Gabas sukan yi sanyi kamar randa. Bayan magariba sai Hajja, mahaifiyar Babanmu, ta sa a kawo mata kaskon garwashi, ta ɗora butar shayi, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu kuma mu kewaye ta. Da ƙafafun nan ta tako daga ƙasar Hausa, ta ratsa Chadi da Sudan, kuma har ta koma ga Allah Larabcinta bai wuce na cefane da na salla ba. Mu da aka haifa a nan, ta yi mana Hausa mu mayar mata da Larabci. Yayana Hamza ya fi kowa wannan hali, ko kunya ba ya ji.

A shekarun nan damben Turawa ya shiga kan mazan unguwarmu. A shagon shan gahawa suke kallo a talabijin mara kala, su dawo gida da musu. Baba yana da gwaninsa, wani zakaran masu nauyi na da can, wanda ya riƙa jin labarinsa a rediyo yana saurayi. Hamza kuma nasa shi ne na yayi, mai saurin ƙafa. Ni sunayensu ba su taɓa zama mini a ka ba. Abin da na sani, mutanen nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, ba kuma za su haɗu ba, amma kullum sai an gwabza su a tsakar gidanmu. Baba ya ce naushi ɗaya na gwaninsa ya isa. Hamza ya ce sai ya kama mutum tukuna zai nausa.

Da wasa ake yi, har ranar da ta ɓaci. Baba ya yi shekaru yana dakon buhunan dabino a gonakin Ƙuba kafin bayansa ya riƙe ya koma gadi. Hamza kuwa lokacin ƙarfi ya fara zuwa masa, ya cika gwangwanayen madara da siminti yana ɗagawa a soro. Ran nan musu ya yi zafi a gaban maƙwabta, sai yaron nan ya buɗe baki da Larabci ya ce wa Baba, “Abuya, halas, shi ke nan, zamaninku ya wuce. Ko kai yanzu hannu ɗaya ya ishe ni.”

Wani ya yi dariya. Baba ya dafa bango ya tashi a hankali saboda bayan nasa, ya shige ɗaki. Daga ranar ya daina cin abinci kwano ɗaya da Hamza, ko kallonsa ba ya yi. Hamza kuma taurin kai ya hana shi ba da haƙuri. Gidan ya yi tsit, ni dai tsoro nake ji kada abin ya zauna haka.

Wani maraice Hajja ta leƙa ta ga Hamza zai sulale waje. “Kai angona,” ta ce, don haka take tsokanarsa, “zo ka hura mini wutar nan, tunda an ce ƙarfi ya yi maka yawa.” Ya zo yana kumbure-kumbure ya tsuguna. Ta ce yau ba tatsuniya za ta ba mu ba, wannan da idonta ta gani.

Labarin yayanta ne, Bawa. Gidansu gidan mahauta ne, dambe gadonsu. Bayan girbi sai ya naɗe hannun dama da kara, igiyar nan da ’yan dambe ke ɗaurawa, ya bi garuruwa. A dambenmu, in ji Hajja, ba a ƙirga wa mutum komai. Gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, shi ke nan an kashe ka. Bawa kuwa ba a taɓa ganin ƙura a gwiwarsa ba, shi ya sa makaɗa suka sa masa Kututture.

To akwai wani dattijo a garin gaba, Magaji Dogo, wanda ya yi zamaninsa tun Bawa yana yaro. Mutane suka dami kansu da tambaya: da Magaji na da ya haɗu da Bawa na yau, wa zai kashe wani? A kasuwa musu, a bakin rijiya musu. Samari suka fara bi ta ƙofar gidan dattijon da kalangu suna wasa Bawa, har zuciya ta ɗebe shi ya ɗauko tsohon karansa ya aika a kira Bawa fage. In Bawa ya ƙi, a ce ya ji tsoron tsoho. Dole ya je.

“Wayyo, ranar ba masaka tsinke,” in ji Hajja. “Ni a kafaɗar gwaggona na kalla. Magaji ya fito, furfura fal. Kowa ya san turmin farko ba zai ƙare ba.”

Aka buga kalangu, suka miƙa hannu suna zagaya juna. Da suka matso kusa sai dattijon ya dubi Bawa ya ce, “Ɗana, ka zo lafiya?” Bawa kuwa tun da aka haife shi bai taɓa amsa gaisuwar babba a tsaye ba. Sai ga gwiwa a ƙasa. “Lafiya lau, Baba.”

Fage ya kaure. An kashe Bawa! Makaɗa suka juya wajen Magaji, yara suka bi Bawa da ihu. Magaji ne kaɗai bai yi murna ba, ya sunkuya ya kamo shi ya ɗaga, hawaye na bin gemunsa.

Hamza ya daina hura wuta. Ya tambaya da Larabci ko kuskure ne ko da gangan.

“Ni ma na tambaye shi,” ta ce. “Cewa ya yi gwiwar ce ta riga shi.”

“To da shekarunsu ɗaya fa, ya Sitti? Wa zai ci?” in ji Hamza. Sitti, wato kaka da Larabci.

Hajja ta yi tsaki. “Ji shashasha. Bawa a kan reshen tsamiya ya koyi dambe, yana leƙen Magaji. Da shekarunsu ɗaya, wa zai leƙa?”

Can Hamza ya miƙe ya nufi ɗakin Baba, ni kuma na bi shi a sace. Ya ɗaga labule, ya durƙusa a bakin ƙofa, da Hausarsa karyayya ya ce, “Baba, ina wuni.” Sannan muryar Baba ta fito a dushe: “Tashi, ƙasa da sanyi. Ka ci abinci?”

Na daɗe ina ɗauka Hamza kaɗai aka yi wa labarin. Sai da na girma, ’ya’yana suka fara gyara mini magana suna karɓe mini kaya daga hannu, na tuna yadda Hajja ta riƙa ɗaga murya a maraicen nan, alhali muna gabanta. Ɗanta take so ya ji ta bayan labule. Durƙusawa da wuya, amma na gane ta fi sauƙi a kan abin da Magaji ya yi: ka san sarai an fi ka ƙarfi, ka san raga maka aka yi, ka haɗiye, ka miƙa hannu ka ɗaga yaro. Baba ya iya, kuma har ya rasu shi da Hamza kwano ɗaya suke ci.

Allah ya jiƙan Hajja, ya saka mata da alheri. Ta rasa ƙasarta da danginta, ba ta sake jin ɗuriyar Bawa ba tun da ta baro gida, amma da shi ta gyara mana namu gidan.